Kyamarar da Ba Ta Ga Keke Ba

A farkon zangon ƙarshe, a wata makarantar koyon fasaha, akwai wani malami da ya kira ɗalibansa uku ya ba su aiki guda. A garin akwai wata mararraba kusa da kasuwar doya, inda hanyoyi huɗu suka haɗu, ba danja, ba mai ba da hannu. Malamin ya ce su kafa kyamara a can, su rubuta manhajar da za ta riƙa duban hanya tana ƙirga duk abin hawan da ya wuce, domin a san yawan cunkoson wurin.

Ya ce musu, "Ku uku ne, amma makinku ɗaya ne. In aikin ya tsaya da ƙafarsa, dukanku kun gama makaranta bana. In ya faɗi, dukanku za ku dawo wani zango."

Sai suka raba aikin. Filibus, wanda ya fi su kaifin kai har 'yan ajinsu suna kiransa Farfesa, ya ɗauki rubuta manhajar. Habila, mutum mai sanyin hali da ba ya son hayaniya, ya ɗauki haɗa kyamara da kwamfuta da shirya allon da lambobi za su fito a kai. Keziya kuwa aka bar mata hotuna.

Manhaja irin wannan ba ta san kome da kanta ba. Sai an nuna mata hotuna dubbai, a kowane hoto mutum ya zana akwati a kan abin hawa ya rubuta sunansa: wannan mota, wannan babur, wannan tifa. Abin da aka nuna mata shi take ganewa. Abin da ba a nuna mata ba, ko ya tsaya a gabanta, a wurinta hanya fayau take.

Kowace safiya Keziya takan hau benen wani tela a bakin mararrabar ta ɗauki hotuna, ta dawo makaranta ta zauna tana zane. Aikin ba ya sauri, gama a wannan mararraba ba abin da ke bin layi. Ga babur da mutum uku da buhun masara. Ga keke mai ƙafa uku an ɗaura masa katifa har ta rufe shi. Ga a-kori-kura da doya ta kusa taɓa wayar lantarki. Bayan wata biyu ta gama hotuna dubu biyu, ana kuwa bukatar dubu shida.

Filibus ya ce mata, "Keziya, akwati fa kike zanawa, ba saƙar tabarma ba. Ko sai mun yi furfura?"

Ta ce, "Farfesa, zo ka zana ɗari tukuna, sai mu yi maganar furfura."

Ya yi dariya, ya ɗaga hannunsa ya ce, "Da wannan hannun? Allah ya sawwaƙe."

Ba da daɗewa ba Filibus ya sami hotuna dubu hamsin a intanet, an riga an zana musu akwatuna, daga biranen wasu ƙasashe masu faɗin hanya inda motoci ke tafiya a jere. Ya ajiye na Keziya gefe, ya koya wa manhajar da waɗannan. Ya gwada ta da bidiyon irin waɗancan hanyoyin, cikin motoci ɗari ta gane casa'in da bakwai. Ya ji daɗi ƙwarai. Bai gaya wa Keziya ba.

Habila ne ya gani, tun da shi yake haɗa sassan aikin. Ya ce, "Ina hotunan Keziya?"

Filibus ya ce, "Suna nan a ajiye. Kada ka tayar mata da hankali, bar ta ta ci gaba."

Wata rana da tsakar rana, Habila shi kaɗai, ya sa wa manhajar ɗan gajeren bidiyo na mararrabarsu. Keke huɗu suka wuce a jere, lambar da ke kan allo ba ta motsa ba. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce a ransa, ai manhaja ba sashensa ba ne, in kuma ya yi magana za a yi faɗa. Ya rufe kwamfutar ya tafi cin abinci.

Keziya ta ci gaba da zanenta. A gida kuwa mahaifiyarta ta riga ta gaya wa matan zumunta na ikkilisiyarsu cewa 'yarta za ta gama bana, har sun zaɓi atamfar da za su sa ranar bikin.

Ranar gwaji malamin ya zaɓi ranar kasuwa. Suka hau benen telan da hantsi, Habila ya kafa kyamara. Hanya ta cika maƙil, ƙarar hon ta hana mutum jin na kusa da shi. Malamin ya jingina da ƙarfen baranda yana ƙirga da biro a bayan takarda. Bayan minti goma sha biyar, a takardarsa an wuce ɗari biyu. A allo kuwa goma sha tara.

Ya nuna da biro ya ce, "Filibus, wancan da ke wucewa mene ne?"

"Keke ne, Malam."

"Na gan shi, kai ma ka gan shi. Ita fa?"

Telan ya leƙo da almakashi a hannu ya ce, "Yallaɓai, anya kyamarar nan taku ba baƙuwa ba ce a garin nan?"

Keziya ta ce, "Ba zai yiwu ba, Malam. Keke kaɗai na zana fiye da dubu."

A nan Filibus ya faɗi abin da ya yi, kansa a sunkuye. Malamin bai ɗaga murya ba. Ya juya wurin Habila ya ce, "Kai ne mai haɗawa. Ka sani?"

"Na sani, Malam."

"Tun yaushe?"

"Mako biyar ke nan."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ban so a yi faɗa ba."

Malamin ya ce, "To, ga shi ba a yi faɗa ba."

Filibus ya roƙa a ɗora masa laifin shi kaɗai, a saki Keziya. Malamin ya ce, "Na gaya muku tun farko, makinku ɗaya ne." Ya rubuta a takardarsa, ya sauka.

'Yan ajinsu suka gama suka tafi. Da sabon zango ya shiga, su ukun suna zaune a ɗakin kwamfuta, kowa da hotuna a gabansa. Filibus ya juya allonsa wajen Keziya ya ce, "Wannan fa? Baro ne da rake, amma akwai akuya a kai."

Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Zana akwati ka rubuta baro. Saura dubu biyu."

Ga abin da misalin nan yake nufi, 'yan'uwa. Malamin nan Ubangiji ne, wanda ya ba ikkilisiyarsa aiki guda. Mararrabar ita ce inda ya ajiye mu, da mutanen da ke wucewa ta gabanmu kowace rana da kayansu a kai.

A cikinmu akwai masu baiwa irin ta Filibus. Sukan gaji da aikin da ba ya sauri, su kwaso tsari mai kyau daga nesa, ya yi kyau a takarda, amma bai san gwauruwar da ke zaune a benci na uku ba. Mai ziyarar marasa lafiya ce ta san ta, da wanda ya haddace sunayen yaran ajin Lahadi. Aikin waɗannan shi ne idon ikkilisiya, shi ne kuma aka fi rainawa.

Amma yawancinmu Habila ne. Bai yi ƙarya ba, bai cire hoton kowa ba. Ya gani ne kawai, ya yi shiru, ya kira shirunsa zaman lafiya. Shirun nan na mako biyar shi ne ya jawo wa Keziya, wadda ba ta yi laifin kome ba, zango guda. A aikin da aka ba mu tare, ba mai faɗuwa shi kaɗai.

Malamin ya ba su wani zango, wannan alheri ne. Mu ma an ba mu wannan mako. In akwai abin da ka gani a ƙungiyar mawaƙa, ko a kwamiti, ko a gidanka, ka ce ba sashenka ba ne, ka tafi wurin ɗan'uwan nan kafin Lahadi mai zuwa. Ka same shi shi kaɗai, ka faɗa masa a hankali. Wataƙila ya yi fushi. Ka faɗa masa duk da haka.