Ruwan Jego Bayan Guguwa

Ku gyara zama, yau abin musu na kawo muku, kuma ba mai tashi sai an raba gardama.

A wani garin masunta da ke bakin teku can ƙasar Turawa, inda sanyi ke ratsa ƙashi, akwai wata 'yar Zariya mai suna Zuwaira. Ta haifi 'ya mace, aka ɗauko mahaifiyarta, Inna Tabawa, tun daga gida don ta yi mata wankan jego. Kwana huɗu da haihuwa sai ga guguwar teku. A rediyo an ce wai ta tsufa, ta zubar da ƙarfinta a hanya kafin ta iso ƙasashen sanyi. To, tsohuwar nan ce ta kwashe rufin gidaje, ta tumɓuke itatuwa, ta koro teku cikin gari har jiragen kamun kifi suka hau titi. Gari ya waye ba wuta, ba waya, mijin Zuwaira kuma hanya ta yanke masa a wani gari.

Inna Tabawa ta ce ita kam ba ta san guguwar da ke ɗage wankan jego ba. Zuwaira ta ce, "Inna, ki bari a kawo wuta mana." Inna ta ce, "Ke dai nuna mini gawayin da mijinki ke gasa nama da shi." Ta hura shi a kicin yadda ta saba a gida, ta ɗora ruwan wanka, ta rufe ƙofa da taga saboda sanyi. Ba ta san ɗakunan can ba su da ko kafar da iska za ta bi ba. Da shiru ya yi yawa Zuwaira ta sauko, ta tura ƙofa ta ƙi buɗuwa, don Inna ce ta faɗi a bayanta, ba ta ko motsi. Hankalin Zuwaira ya tashi, ga jaririya a hannu, ga jiki ba ƙwari.

Ana haka sai ga Balaraba, ƙawarta mai sayar da abinci. Ta ratso ruwa har ƙugu, da kunun kanwar mai jego a ka. Tana jin an ce gawayi ta gane hayaƙinsa ne ya kayar da Inna. Ta zaga baya, ta fasa taga da kujera, ta riƙe numfashi ta faɗa ciki, gilashi na yankan ta, ta jawo tsohuwa waje.

Amma motar asibiti ba ta da hanyar shigowa. Sai maƙwabciyarsu Hansatu, 'yar Yawuri da ta tashi a cikin kwalekwale, ta hango wani ƙaramin jirgi da guguwa ta jefar a ƙofar kanti. Ta tsinci katako ta mai da shi filafili, aka kwantar da Inna, ta tuƙa tsakanin motocin da ke yawo a ruwa da wayoyin da suka zube, har gindin tudun da ƙaramin asibitin garin yake.

Suna isa numfashin Inna ya ɗauke. Marka, wata malamar jinya 'yar Zangon Kataf, kwana biyu rabonta da barci, ga injuna duk sun mutu. Ta yi ta danna ƙirjin tsohuwa har ya motsa, sannan ta riƙa matsa mata jakar iska da hannu tun hantsi har la'asar, lokacin da jirgi mai saukar ungulu ya kawo agaji. Inna Tabawa na buɗe ido, abin da ta fara tambaya shi ne ko ruwan ya tafasa.

Ranar suna maigida ya samu isowa, ya ce sunan Inna za a sa wa jaririya. Inna ta ce, "A'a, ni ɓarnar na yi. A ba wadda ta dawo da ni duniya." Zuwaira ta dubi hannun Balaraba a ɗaure, ta dubi Hansatu, ta dubi Marka, ga liman zaune yana jira.

Jaririya dai ɗaya ce, suna ɗaya za a raɗa. To, wace ce a cikin ukun nan ta cancanci takwara?