Kwanon da Ke Bisa Wuyan Nomau

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan. Labarin da zan ba ku yau akwai shari'a a ƙarshensa, kuma ku ne alƙalai.

A Kwarin Baushe an yi wani mutum da ake kira Nomau, sana'arsa wasa da keke mai ƙafa ɗaya. Ga wanda bai taɓa gani ba, taya ce guda da feda biyu, sai sirdi can a saman dogon ƙarfe. Babu abin riƙewa, babu birki. Ranar kasuwa Nomau zai ɗare kan abin nan ya yi ta zagaya fili, ya yi gaba, ya yi baya, ya tsaya cak, a ɗora masa tulu cike da ruwa a ka ya zaga sau bakwai ko ɗigo bai zuba ba. Gwani ne, wannan ba a ja. Amma Allah Ya zuba masa taurin kai. Kowane mako sai an aske masa kai tas, don mutane su ga babu gammo babu dabara. In aka yi masa maganar hular kwano sai ya ƙwanƙwasa goshinsa ya ce kakansa ya dafa kan nan tun yana cikin tsumma, kwano kuwa na tuwo ne.

Yana da aminai uku tun na ƙuruciya: Ɗayyabu wanzami mai yi masa aski, da Zubairu ɗan acaba, da Mamuda mai kaɗa masa kalangu a filin wasa.

Wata Laraba ya tashi daga wasa da wuri, ya saɓo kekensa a kafaɗa, ya yanke ta kufan tsohon gari don ya rage hanya. Rana ta take tsaka. A bakin wata rijiya ya ga tsohuwa tana jan guga. Ta amsa sallamarsa ba tare da ta ɗago ba, ta ce ga ruwa ta jawo amma ba ta da mazubi, ko zai ba ta aron ƙoƙo ko kwano. Nomau, da bakinsa ba ya rabo da tsokana, ya kwashe da dariya.

Ya ce, "Inna, ni ba ni da ƙoƙo, ba ni da kwano, sai wanda ke bisa wuyana. In kin iya ɗauka, naki ne."

Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi, ba a fuska ba, a ka. Ta ce, "Ƙoƙo ko kwano, wanda ke bisa wuyanka. Na karɓa. Laraba mai zuwa war haka zan zo."

Ya yi gaba yana murmushi. Sai da ya hango rufin gidajen gari sannan ya tuna cewa rijiyar nan an cike ta da ƙasa tun kafin a haifi ubansa. Ya waiga. Babu kowa, sai ciyawa a tsaye ko motsi ba ta yi. Tsoro ya kama shi ƙwarai, amma ya haɗiye abinsa, bai gaya wa ko matarsa ba.

Ranar Lahadi ya je aski. Ɗayyabu ya jiƙa masa kai, ya ja aska sau biyu, ya tsaya. A ƙarƙashin gashin akwai wani siririn zane baƙi da ya zagaye kan, daga saman gira ya bi ta bisa kunnuwa ya haɗe a ƙeya. Uwar Ɗayyabu sana'ar ƙorai take yi, saboda haka ya san zanen, irinsa ake yi wa duma da gawayi kafin a fafe shi. Ya sa babban yatsansa ya murza, zanen bai goge ba, yatsan kuwa ya yi sanyi ƙalau kamar an tsoma shi a randa. Ya ajiye aska ya ce ba zai ƙarasa askin ba sai ya ji inda Nomau ya kai kansa. Nomau ya yi ta kwana-kwana, Ɗayyabu ya rantse zai bar shi ya fita gari da rabin aski. Da Nomau ya ga babu mafita, ya faɗa. Wanzamin ya sa shi ya maimaita maganar tsohuwar har sau uku, kalma bayan kalma. Ya ce ɓuya ba za ta yi amfani ba, don ya ji labarin wani da ya kulle kansa a ɗaki, azara ta faɗo masa. Amma irin waɗannan bayin Allah ba sa ƙetare abin da bakinsu ya furta. Ta ce ƙoƙo ko kwano. To, a nema mata kwano, a kifa shi bisa wuyan, ta tarar da shi a nan. Daga ranar babban yatsan Ɗayyabu bai sake jin zafi ko sanyi ba, dole ya koyi riƙe aska da hagu yana da furfura a gemu.

Duk garin mutum ɗaya ne mai hular kwano, Zubairu. Shi ma, in za a faɗi gaskiya, a jikin babur take rataye, sai zai shiga birni yake kifa ta don tsoron kamu. Da Ɗayyabu ya kai masa labari, ya ciro ta ya wanke, ya ɗinke maɗaurinta da ya fara tsinkewa, ya kai wa Nomau har gida. Nomau ya ce ya gwammace ya mutu da a nuna shi da baki a kasuwa ana cewa tsoro ya sa shi kifa kwano. Zubairu ya roƙe shi Litinin, ya roƙe shi Talata, har Nomau ya ce in ya ƙara taka masa ƙofar gida abota ta ƙare. Ranar Laraba, da fili ya cika, Zubairu ya canza salo. Ya kutsa tsakiyar jama'a yana ɗaga hular sama, ya ce shi bai ga abin tafi ba, kowace yarinya mai talla tana ɗora kaya a ka. In Nomau ya cika gwani, ya ɗora tulun a kan wannan abu mai santsi a gani. Kasuwa ta ɗauki sowa. Nomau ya dubi amininsa da jajayen idanu, ya fizge hular ya kifa, ya haye keke, aka miƙa masa tulu. Maɗaurin kuwa ya bar shi yana lilo a gefen kumatunsa.

Ya zaga sau ɗaya, ya zaga sau biyu. A zagaye na uku Nomau ya lura inuwarsa ta shige ƙarƙashin taya. Hayaniyar kasuwa ta yi ƙasa kamar an toshe masa kunne, awakin da ke ɗaure a turke duk suka juya suka fuskanci gefe guda. Ya bi inda suke kallo da ido. Tsohuwar nan ce tsaye a layin gaba, tsakanin mai rake da wata mai goyo, igiyar guga a naɗe a hannunta, kuma babu wanda ya matsa mata ko ya dube ta.

Zubairu bai gan ta ba, maɗaurin da ke lilo ya gani. Ya ruga cikin fili, ya bi keken da gudu, ya yi tsalle ya kama igiyoyin biyu ya haɗa su a ƙarƙashin haɓar Nomau. Ya sha faɗa daga baya cewa a daidai lokacin da maɗaurin ya ce ƙas, ya ji wasu yatsu masu sanyi a kan nasa suna ƙoƙarin ɓamɓare su, ya ƙi saki. Sai ga shi warwas a ƙasa, kafaɗarsa ta goce.

A fili babu rami, babu tsakuwa, amma tayar ta tsaya cik kamar an riƙe ta. Nomau ya tashi sama, tulu ya yi nasa wuri, shi kuma ya sauko da ka a kan dutsen da mahauta ke wasa wuƙa. Aka ji ƙara guda. Da mutane suka matso, suka ga hular ta yanke a zagaye, sumul, daidai inda zanen nan yake. Gindinta na nan a ɗaure da haɓarsa, samanta kuwa aka neme shi ƙasa da sama ba a gani ba. Kan Nomau ko ƙwarzane babu. Amma ba ya motsi, ba ya numfashi. Aka zuba masa ruwa, aka kira sunansa a kunne, shiru. Wani dattijo ya taɓa wuyansa, ya yi salati, ya cire mayafinsa ya lulluɓe shi.

Shi kuwa Nomau, a lokacin tafiya yake yi. Ya ga kansa a wata siririyar hanya, rana tsaka amma babu zafi, babu kukan tsuntsu, ko sawunsa ba ya ji. Tsohuwar tana gabansa, ta tallabo saman hular cike da ruwa. Ba ya jin ciwo, ba ya jin tsoro, jikinsa sakayau, kuma wannan rashin tsoron ne abin da ya fi tayar masa da tsikar jiki duk sa'ad da ya tuna. Can ta tsaya ba ta waigo ba.

Ta ce, "Na samu abin da na zo ɗauka. Kai kuma me kake bi na?"

Ya buɗe baki zai ce gida za shi, sai ya rasa ina ne gidan. Ya juya, ya ga hanyoyi sun fi goma, duk iri ɗaya. Ya nemi sunansa a ransa, bai same shi ba. Tsohuwar ta ci gaba da tafiya, ƙafafunsa suka ci gaba da bin ta, don ita kaɗai ce abin da ke motsi a wurin.

A kasuwa an aika a ɗauko makara. Mamuda, da tun faɗuwar yake tsaye kamar an dasa shi, ya gyara ratayar kalangunsa, ya durƙusa a kan mayafin nan, ya soma kaɗa taken Nomau. Kun san yadda abin yake a wurinmu, kiɗa a kan gawa. Dattawa suka yi masa ca, aka ce ya haukace, aka ce ba shi da ta ido, wani ya kwaɗa masa sanda a baya, ƙanin Nomau ya shaƙe shi da wuyan riga. Duk da haka bai daina ba. Makaɗin da ke hannunsa ya karye, ya ci gaba da yatsu. Fatar yatsun ta fashe, jini ya ɓata kalangun. Shekara ashirin yana kiran mutumin nan da wannan take, duk inda yake a kasuwa sai ya fito, saboda haka zuciyarsa ta ƙi yarda cewa yau ba zai amsa ba.

Can a hanyar da ba ta da zafi, Nomau ya ji wani abu ƙasa-ƙasa daga bayansa. Bai gane kiɗa ba ne, ƙafafunsa ne suka gane, suka soma juyawa kamar suna kan feda. Sannan ya ji abin da kalangun ke cewa, ya ji sunansa a ciki. Ya juya ya bi sautin. Duk inda hanya ta rabu sai ya tsaya ya saurara, sau biyu kiɗan yana raunana har ya kusa ɓace masa, sannan ya dawo. Masu makara suna sauke ta kenan mayafin ya motsa, Nomau ya yi atishawa. Rabin kasuwa suka watse da gudu, har da mai sandar. Mamuda kuwa an daɗe ba a gayyace shi biki ba, don mata sun ce ba za a kaɗa wa 'ya'yansu kalangun da ya yi kiɗa a kan mamaci ba.

Zanen ya ɓace a kwana uku. Nomau ya koma wasansa bayan wata guda, da sabuwar hular kwano a ɗaure tamau, kuma wanda duk ya yi dariya sai ya ce masa ya zo ya hau.

A damina matarsa ta sauka, aka samu ɗa namiji, na fari bayan shekara tara da aure. Da ungozoma ta miƙo masa jaririn, ya shafa kansa, yatsansa ya faɗa kan maɗiga, ya ji wurin yana bugawa a hankali, fata ce kawai tsakaninsa da duniya. Mutumin da bai yi kuka ba ranar da aka lulluɓe shi, ranar ya yi, har ya ba matan da ke wurin tausayi. Ya ce da ba don mutum uku ba da yaron nan maraya za a haife shi, kuma lallai sunan ɗayansu zai ci.

Nan fa ake yin ta. Da Ɗayyabu bai karanta zanen ba, bai kuma kama tsohuwar da kalmar bakinta ba, babu wanda zai san akwai abin da za a tsare. Da Zubairu bai jure zagi ya kifa masa hular ba, ya kuma ɗaure ta da hannunsa, da ƙoƙon kan ne zai bi ta maimakon kwano. Da Mamuda ya ji kunyar mutane ya ajiye kalangu, da an binne mutum da lafiyayyen kai kafin la'asar. Su ukun babu wanda ya roƙa, kowa cewa yake a bai wa ɗan'uwansa, amma Nomau ya san duk wanda aka tsallake zai ji a ransa.

Kwana shida yana juya abin bai samu matsaya ba. Gobe da safe suna, an ɗaure rago, an raba goro, liman zai matso ya tambaye shi a kunne, kuma suna ɗaya ake raɗa wa yaro. To, ku da kuka ji komai, in ku ne Nomau, wa za ku yi wa takwara: Ɗayyabu, ko Zubairu, ko Mamuda?