Ruwan Sabulu a Madadin Man Birki

Ya 'yan uwa, ku ba ni hankalinku. An yi wani mutum, ma'aikacin ofis, mai rufin asiri, wanda Allah ya hore wa mota. A unguwa Mai Ƙyalli ake ce masa. Kullum da safe, tun kafin ya sa wani abu a cikinsa, zai fito da bokiti da tsummoki, na gilashi daban, na jiki daban. Tayoyin ma sai ya shafe su sun yi baƙi wuluk. Ka kuskura ka jingina da motar nan, ranar za ka sha zagi.

Amma bonet? Sai ya manta rabon da ya ɗaga shi. Baƙin mai ya yi kauri kamar kwalta, ba a yi juye ba. Ruwan lagireto ba ya dubawa. Don me? Don babu mai leƙa cikin inji ya yaba masa. Shi dai abin da idon mutane zai gani, shi ne nasa.

Wata rana ya ga ɗigon mai a ƙasa, kusa da tayar baya. Birki ya fara laushi, in ya taka sai ƙafa ta yi nisa kafin ya kama. Wata jar fitila ta kunna a gaban sitiyari. Ya biya gareji, bakanike ya leƙa ƙasa ya ce, "Yallaɓai, tiyon birki ya tsage, mai yana zuba, takalman birkin ma sun cinye. Ka bar mini ita, gobe ka ɗauka."

Ya ce, "In bar ta? In tsaya bakin titi ina ɗaga wa motar haya hannu, mutanen ofis su gan ni? Allah ya sawwaƙe."

Kun ji fa. Ba rashi ne ya hana shi ba. Kunyar a gan shi a ƙasa ce.

A wurin wankin mota wani direba ya koya masa dabarar banza. Wai in man birki ya ƙare, a dama garin sabulu da ruwa a zuba, ai santsi ne. Mutumin nan ya koma gida, ya shiga banɗaki ya ɗebo sabulun wankin matarsa, ya kaɗa a kofi, ya ɗura a inda ake zuba man birki. Tir! Abin da ke tsaye tsakanin iyalinka da kabari, shi ka cika da ruwan wanki.

Jar fitilar ta ƙi mutuwa. Kun san abin da ya yi? Ya sayo sitika mai rubutun addu'a ya liƙa a kanta. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya ɓaci. Fitila tana yi maka gargaɗi, ka toshe mata baki da sunan Allah. Ƙarfe ya fara cin ƙarfe, ƙiii, in an taka birki, sai ya ƙure rediyo. Matarsa ta ce, "Baban yara, wannan ƙarar fa ba ta lafiya ba ce." Ya ce, "Ke me kika sani a mota? Allah ne mai tsarewa." Wannan tawakkali ne, jama'a? Wannan rainin hankali ne.

Da yake shi ke tuƙa ta, sai ya lakanci cutarta. Tun daga nesa yake sakin totur, ya sauke giya, ya yi ta buga birki da ƙafa har ya ɗan kama, hannunsa ɗaya a kan birkin hannu. Duk duniya shi kaɗai ya san yadda ake tsayar da motar nan.

Ran nan abokan aikinsa suka kawo masa ziyara. Suna tsaye a ƙofar gida, sun kewaye mota suna yabo, shi kuma yana ta washe baki. Sai ga ƙanensa, wanda mahaifiyarsu ke zaune a wurinsa. Ya ce ciwon ƙafar Inna ya tashi, zai kai ta asibiti, ga shi ba ta iya hawa babur. Mai Ƙyalli bai so ya bar baƙinsa, bai kuma so a ce ya yi rowa. Ya zaro makulli ya miƙa.

Ƙanen ya ce, "Yaya, akwai wani halinta da ya kamata in sani?"

Mai Ƙyalli ya san hanyar asibitin, ya san doguwar gangarar da ke sauka kan mararraba. Maganar ta zo masa har bakin leɓe. Sai ya dubi baƙinsa, duk sun zuba masa ido. Ya ce a gabansu motarsa ba birki? Ya ce sabulu ne a ciki?

Ya yi dariya ya ce, "Hali kuma? Ka ga alamar ciwo a jikinta? Kai dai kar ka goge mini fenti."

Aka yi dariya. Da yake gidan ƙanen a kusa yake, aka kamo tsohuwa aka sa ta a gaba, tana ta sa masa albarka. Shi da hannunsa ya rufe mata ƙofa.

A kan gangarar nan ƙanen ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Ya sake takawa, wayam. Babbar mota tana tsaye a mararraba, suka shige ƙarƙashinta. Inna ko shurawa ba ta yi ba. Ƙanen kuwa ƙashin bayansa ya karye, likitoci suka ce shi da tafiya har abada.

To, kuna zaton a nan Mai Ƙyalli ya tuba? Ina! Ya zauna karɓar gaisuwa, yana share hawaye yana cewa ƙaddara ce. Dangi suka fara gunaguni, wai ƙanen gudu yake yi, wai bai iya tuƙi ba ya karɓi motar mutane. Shi ma ƙanen ya yarda. Yana kwance yana kuka yana cewa, "Ni na kashe Inna." Yayansa yana zaune a gefen gado yana jin haka, sai ya dafa shi ya ce, "Ka yi haƙuri, na yafe maka motar." Subhanallahi! Wace irin zuciya ce wannan?

Da aka ja ragowar motar zuwa gareji, kawunsu ya bi don ya gani da idonsa. Bakanike ya murɗe murfin man birki, ya tsoma yatsa ya murza, sai kumfa. Ya miƙa wa kawu ya sansana. Ƙamshin sabulun wanki. Sannan bakaniken, da yake shi ne ya duba ta a baya, ya faɗi abin da ya gaya wa mai motar tun farko.

Kawu bai ɓoye wa kowa ba. Da Mai Ƙyalli ya shiga ɗakin asibiti washegari, dangi sun cika, babu wanda ya amsa sallamarsa. Ƙanen ya dube shi. Ya ce, "Yaya, na tambaye ka fa." Ya juya fuskarsa bango.

Matarsa ta kwashe 'ya'ya ta tafi gidansu, ta ce tun yaushe yake ɗaukarsu a cikin makara bai faɗa ba. Mutumin da ya kasa jure a gan shi a bakin titi, yanzu in ya doso layi sai mutane su tsallaka ɗaya gefen.

Ya 'yan uwa, mota amana ce. Duk wanda ka ɗauka, ransa ka ɗauka. Ɗaga bonet ka duba mai da ruwa, duba taya, in birki ya yi laushi ajiye ta ka tafi a ƙasa. In ka san aibi, ka faɗa, ko da za a yi maka dariya. Kada ka yi sakaci sannan ka ɗora wa ƙaddara. Wa zai amsa maka ranar da mahaifiyarka za ta tsaya gaban Ubangiji ta ce ɗana ya sani?

Allah ya kiyaye mu daga girman kan da ke cin rai. Allah kada ka sa ajalin wani ya biyo ta hannunmu. Amin.