Kurege a Tsibiran Tsuntsaye

Ku matso, ga wata ta zo muku.

A tsakiyar wani tafki akwai tsibirai uku. Kakannin tsuntsayen can garke ɗaya ne, guguwa ta watsa su, jikoki suka yi ta sake kama, kowa daidai da abincin tsibirinsa.

Shekarar da gyaɗa ta ƙi, yunwa ta kama wani kurege mai suna Ɗanƙwambo. Ya manna gashin zabo a jiki da ƙaro, ya shiga ƙwarya, ya tuƙa.

Tsibirin farko na masu dogon baki ne, masu zaƙulo tana daga laka. Ya ɗaura karan dawa a hanci.

"Sannunku, dangi. Jikan ƙanen kakanku ne, wanda guguwa ta yar can gaba."

Tsohuwarsu, Iya Tsigi, ta ƙare masa kallo. "Ɗan nan, ƙafa huɗu fa?"

"Iya, ku laka ta ja muku baki, mu hawan dutse ya ƙara mana ƙafa."

Suka yarda, suka tara masa abinci. Ya ci har tumbi ya taɓa ƙasa, ya koma ƙwarya yana kirari: "Ni ne Ɗanƙwambo, na ci na laka ban taka laka ba."

Da gari ya waye, ya ɗaura ɓawon goriba a baki, ya sauka tsibiri na biyu, wurin masu kakkauran baki, mafasa ƙwallon magarya.

"Tsuntsu da haƙora?" in ji wata budurwa.

"Ƙanwata, ƙwallon garinmu ya fi naku taurin kai."

Suka fasa, ya lamushe.

Da gari ya waye, ya isa na uku. Can babu shaho, babu muzuru, don haka tsuntsayen sun daɗe da barin tashi. Fiffike ya tsuke, ƙafa ta zama taɓarya.

Babbansu, Baba Gwangwazo, ya saurari zancen dangi, ya yi murna ƙwarai.

"Madalla, ɗana. Mu nan da ƙafa muke gaisawa. Mai ƙafa huɗu, gaisuwa huɗu."

Gaisuwar farko ta cire ɓawon goriba. Ta biyu ta watsa gashin zabo, sai ga wutsiya buzu-buzu. Baba ya tsaya.

"Ashe kurege ne. Yara, ku zo kowa ya gaishe shi."

Ɗanƙwambo ya ranta a na kare, gaisuwa na binsa har bakin ruwa. Ya faɗa ƙwarya da kumburarren ido, yana tuƙi yana dariya.

"Na ci sau biyu, na sha sau ɗaya. Ku faɗa min wa ya yi asara."

Ƙurunƙus, kan kurege mai ƙulu.