Ranar da Maman Sati Ta Fasa Ƙofar Sito

An yi wani mutum a nan Samaru. Ba zan kama sunansa ba, domin yana da 'ya'ya, kuma ba su suka kar zomon ba, ko rataya ba a ba su ba.

Dattijo ne a ikilisiya. In ya miƙe zai yi addu'a ranar Lahadi, mata sukan gyara zama, don sun san yau abincin rana zai makara. Yana da gidan haya mai ɗakuna a jere: shi da iyalinsa a gaba, 'yan haya a tsakiya, sito a can ƙarshe.

A shekarar da malaman jami'a suka shiga dogon yajin aikin nan, farkon shekarun dubu biyu, aka ce ɗalibai su bar ɗakunan kwanansu. Na kusa suka kwashe kayansu suka tafi. To wanda zai je Inugu fa, ko Legas, ko Kalaba? Yaya zai yi da akwatin ƙarfe da katifa da risho?

Sai mutumin nan ya miƙe a cikin sujada ya ce, duk ɗalibin da ba shi da wurin ajiya, sitonsa na nan, kyauta. Muka tafa masa. Ni ma da nake gaya muku na tafa, har hannuna ya yi zafi. Kafin yamma sito ya cika da akwatuna, kowanne da kwaɗonsa, kowanne da sunan mai shi da fenti.

Ɗakin da ke manne da siton na wata gwauruwa ce, Diana, amma kowa Maman Sati yake ce mata. Tela ce. Keken ɗinkinta shi ne gonarta, shi ne kasuwarta, da shi ta binne miji ta kuma rene 'ya'ya.

Cikin ɗaliban akwai wata yarinya, Onyinyechi, tana shekarar ƙarshe. Da ta ajiye akwatinta sai ta leƙa ɗakin Maman Sati ta ce, "Mama, abeg, don Allah ki sa mini ido. Takardun makarantana duka suna ciki, da project ɗina. In ya ɓata, ni na mutu."

Maman Sati ta ce, "To, 'yata. Allah ya kai ki lafiya."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba a rubuta ba, ba a kira shaida ba.

Yajin aiki ya ƙi ƙarewa. Wata ɗaya, wata biyu, wata uku. Ya 'yan uwa, Shaiɗan ba ya zuwa da ganga. Mutumin nan ya fara da dutsen guga, ya ce aro ne. A nan ya gano cewa in ka kwance kusoshin da ke riƙe murfin akwati ta baya, murfin zai ɗaga, kwaɗo na nan a kulle kamar ba a taɓa ba. Daga dutsen guga sai rediyo. Daga rediyo sai takalma, atamfofi, agogo. Ya riƙa ɗura su a buhu yana hawa acaɓa zuwa Sabon Gari, wurin dillalan tsofaffin kaya. Takardu kaɗai yake bari, don babu mai saye.

Rannan aka fara raɗe-raɗin za a janye yajin aiki, ɗalibai za su dawo. Mutumin nan ya shiga lissafi. Me zai gaya musu?

Ana cikin haka, wata Talata da rana tsaka, a tsakiyar zafin bazara, wani ɗan haya ya ɗora wake a risho ya fita neman ruwa. Labule ya kama. Ɗakin nan shi ne na biyu daga sito, ɗakin Maman Sati ne kawai tsakaninsu.

Maƙwabta suka fito da bokitai. Waɗanda suka ga abin da idonsu sun ce a lokacin wutar ba ta fi ƙarfin mutane ba. Da an tsaya a kanta, da ɗaki ɗaya za ta ci.

Amma mutumin nan ya dubi hayaƙi, ya dubi inda iska ta nufa, ya ga ta nufi sito. Sai zuciyarsa ta ce masa, ga mafita ta zo har gida. In sito ya ƙone, wa zai tambayi toka abin da ke cikin akwati?

Ya ɗaga murya ya ce, "Ku bar can, can ya riga ya tafi! Ku zo ku fitar mini da kayan falo!"

Dattijo ya yi magana, wa zai musa? Maza suka ajiye bokitai. Aka fito da kujeru, aka fito da firji, da talabijin, da kafet. Har agogon bango, har kalandar da ta wuce shekararta. Yana tsaye yana nuni da yatsa, kamar mai tarewa a sabon gida.

Sai ga Maman Sati da gudu, ta dawo daga kai niƙa, zanenta a hannu. Ku tsaya a inda ta tsaya, ya 'yan uwa. Ƙofa biyu ce a gabanta. Ta dama tata ce, a buɗe, kekenta na nan taku uku daga bakin ƙofa, ga hoton maigidanta a bango, ga zanen zumuntar mata a kan igiya. Ta hagu ta sito ce, ƙofar ƙarfe, a kulle, babu ko tsinkenta a ciki. Lokacin da ya rage ba zai isa duka biyu ba. In ke ce, wacce za ki nufa? In kai ne fa?

Ta juya ta ce, "Baba, makullin sito! Kayan yaran nan!"

Ya shafa ƙirji ya ce, "Ban san inda yake ba. Ke dai ki ceci kekenki, baiwar Allah."

Makullin yana cikin aljihun wandonsa.

Ta ɗauki taɓarya a tsakar gida ta hau dukan kwaɗo. Matar da ta haura hamsin! Ta doka, ta doka, har ƙarfen da ke riƙe kwaɗon ya fita. Ƙofar ta ƙi buɗewa, don wuta ta riga ta bi ta cikin silin ta kama katakon samanta, ƙarfen ya yi zafi ya cije. Ta sa hannu biyu ta kama, ta ja. Waɗanda ke kusa sun ce sun ji ƙaurin fata. Ba ta saki ba sai da ƙofar ta buɗe.

Ta shiga cikin hayaƙi ta fito da akwati biyu, ɗaya a kai, ɗaya tana ja. Ta koma. Da matan unguwa suka ga haka, suka yi layi tun daga bakin sito har titi, tana miƙowa suna karɓa. Sau nawa ta shiga? Wasu sun ce tara, wasu sun ce goma sha biyu. Mutane na ta cewa, kai, wannan ƙarfi daga Allah ne, mace ɗaya da akwatin ƙarfe biyu! Ita ma ta ji ba su da nauyi, amma ba ta da lokacin tunani. Tana fitowa da na ƙarshe rufin ɗakinta ya rufta a kan keken.

Ita kuwa wutar da aka ƙyale, ai ba ta san yarjejeniyar da ya yi da ita a zuci ba. Ta ci sito, ta juyo ta cikin silin ta bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya har falon. Kafin motar kwana-kwana ta iso, gidan duka ya zama bango huɗu da hayaƙi.

Aka zaunar da Maman Sati a gefen titi, hannuwanta cikin kwanon ruwa. Mata suka shiga jera akwatuna. Wata ta ɗaga ɗaya, sai murfin ya zame ta baya ya faɗi, kwaɗo yana nan a kulle. A ciki takardu ne kawai da tsohon silifa. Aka taɓa na biyu, haka. Na uku, haka.

Wani ɗan acaɓa da ke cikin taron ya ce, "Af! Shi ya sa kullum Baba da buhu in zan kai shi Sabon Gari."

Gumi ya karyo wa mutumin nan. Ya sa hannu a aljihu ya jawo hankici, sai makulli ya biyo shi ya faɗi a ƙasa, a gaban kowa.

Maman Sati ta dubi makullin, ta dubi hannuwanta. Ba ta yi zagi ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Baba, ashe yana nan."

Sauran kun iya cikawa da kanku. Aka sauke shi daga dattijantaka. Kujeru da firji da talabijin da ya ceta, duka aka sayar aka rage wa ɗalibai asara. Matarsa ta kwashi yara ta koma garinsu. Ya sayar da filin ya koma ɗaki guda a unguwar Muchia, inda yake fatan ba a san shi ba. Amma labari ya riga shi isa. Na je na gan shi sau ɗaya, na tarar da tsoho a zaune shi kaɗai, in maƙwabcinsa zai fita, ya gwammace ya bar wa mai shago makullinsa.

Onyinyechi ta dawo ta samu takardunta cif, ko gefe bai ƙone ba. Ba ita kaɗai ba. Abin da ɓarawo ya raina, shi ne abin da yaran ba za su iya sake saye a kasuwa ba. Ta durƙusa a gaban Maman Sati tana kuka, ta rasa a wane harshe za ta yi godiya.

Hannuwan sun warke, amma yatsun sun lanƙwashe. Har yau ba ta iya zura zare a allura. Ɗaliban sun haɗu sun saya mata sabon keke, sai dai wasu ne ke takawa, ita tana zaune a gefe tana koya wa 'yan mata da baki. Ina gaya muku gaskiya, ni mai wa'azi ne, amma duk ranar da na gaisa da matar nan sai in ji kunyar kaina.

Na taɓa tambayarta. Na ce, "Mama, da kin san rabin akwatunan fanko ne, da kin shiga?"

Ta yi dariya ta ce, "Pasto, ai yarinyan bai ce in auna mata nauyi ba. Ta ce in sa ido, na ce to. In na bar shi ya ƙone, da wane baki zan sake ce ma wani to?"

Ya 'yan uwa, ga darasin a fili. Gobara ba ta ba mutum sabon hali, wanda yake da shi take fitowa da shi titi. Shi ya ci amana a ɓoye, ranar wuta ya zaɓi ya ceci asirinsa, ya rasa asirin, ya rasa gidan, ya kuma ci hannuwan matar da ba ta yi masa komai ba. Ita ta riƙe kalma ɗaya da ta faɗa a bakin ƙofa.

Wa ya ba ka ajiya? Wa kika ce wa "to"? Akwai abin da kake fata ya ƙone kafin mai shi ya dawo? In akwai, kada ka jira hayaƙi. Ka je yau, da ƙafarka, ka faɗa da bakinka.

Allah ya kiyaye mu daga gobara, ya kiyaye mu daga zuciyar da za ta ga gobara ta yi murna. Ya ba mu ikon riƙe abin da aka damƙa mana har mai shi ya zo. Amin.