Madacin Ladingo

A zamanin da ba a kai ga sare dajin Gauraka ba, akwai wata tsohuwa mai magani, Ladingo. Kirarinta shi ne: uwar daji, mai gaida itace kafin ta taɓa shi. An ce ta san saiwa ɗari uku da ƙamshinsu kawai. Amma abin da ta fi ji da shi wani madaci ne guda a bakin rafi, wanda babu irinsa sai an yi tafiyar kwana uku.

Wata damina wani maharbi, Jatau, ya goyo matarsa Tsahara, zazzaɓi ya cinye ta. Ladingo kuwa ƙafa ta riga ta ƙi, sai ta aike shi gindin madacin ya ɗebo ɓawo.

"Ɗana, ka sassaƙo gabas, ka sassaƙo yamma, faɗin tafin hannu. Kada ka ƙara."

Tsoro ya rufe wa Jatau ido. A ganinsa yawan magani shi ne yawan sauƙi, sai ya kewaye madacin da gatari, ya ɓare shi tas. Tsahara ta warke. Itacen kuwa ya fara zubar da ganye, tsuntsayen rafin suka yi tsit.

Da Ladingo ta ji, ta yi kuka sosai, amma ba ta zage shi ba.

"Taka ta tashi. Matar wani fa, baɗi?"

Jatau ya durƙusa. Ya goya ta har gindin itacen. Ta sa ya yanko ƙananan rassa, ta cusa su sama da ƙasan raunin, ta ɗaure da kaba, ta shafe da laka. Ya rataye bakansa, ya zauna yana ban ruwa wata bakwai. Masu neman magani suka riƙa kafa bukkoki kusa da shi, suna jira.

Ladingo ta rasu saura kwana tara madacin ya toho. Jatau ya fi kowa baƙin cikin wannan.

Bukkokin nan su suka zama garin Madacin Ladingo. Har yau zuriyar Jatau ba sa ɗora gatari a jikin itacen magani. Ko ɗansu ne a kwance, sai su je su roƙi maƙwabci ya sassaƙo musu.