Ranar da 'Yan Aji Biyar Suka Wanke Baba Maigadi

Akwai wata malamar firamare da ke koya wa 'yan aji biyar kwamfuta. Takan nuna musu hoto ta ce, "Wa ya ɗauka? Yaushe? A ina? In ba ku sani ba, kada ku tura."

Wani tela, mahaifin ɗalibarta Auta, ya zo har aji ya ce, "Malama, lissafi na kawo ta koya, ba bin diddigi ba." Malama ta ba shi haƙuri, ta ci gaba da aikinta.

Wata safiya wani bidiyo ya faɗo guruf ɗin iyaye a waya. Wani mutum ne a bakin get yana zabga wa yaro bulala, an rubuta, "Maigadin makarantarku ke nan!"

Kafin a fita hutun ƙarfe tara iyaye sun cika ƙofa, tela a gaba, tef ɗin awo a wuyansa. Baba Maigadi yana ta rantsuwa, ba mai sauraro. Hedimasta har ya fara zancen sallamarsa.

Malama ta ce, "Don Allah ku bari ɗalibaina su gani tukuna."

Ta shigar da su aji, ta haska bidiyon a bango. Auta ta ɗaga hannu: "Malama, get ɗinmu shuɗi ne, wannan ja ne."

Wata ɗaliba ta ce, "Rigar yaron ma ba irin tamu ba ce!"

Suka tsayar da bidiyon, suka bincika hoton a intanet. Sai ga shi, tsohon bidiyo ne, daga wata ƙasa.

Tela ya share zufa ya ce, "Ni na turo shi. Baba, ka yafe mini. Bari in goge."

Auta ta matso ta ce a hankali, "Abba, gogewa ba ta isa ba. Sai ka faɗa musu ƙarya ne."

Nan take ya rubuta, ya tura. Iyaye suka raka Baba Maigadi kujerarsa, yara na tafi da ihu.

Ranar Asabar iyaye suka dawo neman nasu darasin. Tela ne ya fara zuwa, ya matse a bencin yara, gwiwa har haɓa.

Darasi: Ku koya wa yara bincike kafin turawa, domin dannawa ɗaya na iya raba bawan Allah da mutuncinsa. Ku tura wa iyaye da malamai su ma su amfana.